Baffa da Allon Waliyyan Italiya

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baffa, wan mahaifina, ya rasu a gidanmu na Bebeji da hantsin wata Laraba, lokacin da damina ke haɗa kayanta, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran nata lokacin. Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Ƙafin Maiyaki aka kira ni. Kafin mai babur ya sauke ni a ƙofar gida an riga an kai shi makwancinsa. Tabarmi na tarar an shimfiɗa daga soro har gindin darbejiya.

Ban san Baffa yana da jama'a haka ba. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, wasu furfurarsu ta fi tasa, suna tuna yadda yake ajiye musu tulu a kan tebur ya ce su zana, in sun gama ya juya tulun ya ce su sake. Mai shagon magani na bakin tasha ya ce allon sunan shagonsa Baffa ne ya rubuta, an sauya rufin shagon, an sauya ƙofa, allon bai koɗe ba. Wata tsohuwa ta taso daga Bagauda ta ce shi ya yi wa ɗanta zayyanar allon sauka. Ɗan ya daɗe da rasuwa, allon yana rataye a ɗakinta.

Inna, matar Baffa, tana ƙuryar ɗaki a lulluɓe, tana amsa gaisuwa ba tare da hawaye ba. Sai da wata maƙwabciya ta shigo da ƙwan zabin Inna a ƙwarya, ta ce ta tsinto mata su a bayan gida. Inna ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Yanzu kam za su kai kasuwa. Mai fasa mini su ya tafi." Daga nan kuka ya ƙwace mata, ya ƙwace mana mu ma.

Bayan la'asar wasu dattawa suka iso daga wani ƙauye da ke gaba da Tudun Wada, kan hanyar Doguwa. Hausawa ne, Kiristoci. Suka sauke buhun masara, suka tsaya nesa da tabarmi kamar ba su san inda za su zauna ba. Ina leƙe daga soro na ga mahaifina ya miƙe, shi da gwiwa ke damunsa, ya je ya kamo hannun babbansu ya zaunar da shi kusa da shi. Wanda bai san abin da ya taɓa shiga tsakanin wa da ƙanen nan ba, ba zai ga komai a wannan ba. Ni na sani, shi ya sa na zauna rubuta wannan, kada a manta da Baffa.

Baffa malamin zane ne a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Allah ya ba su haihuwa shi da Inna, amma ba wanda ya rayu a cikin 'ya'yan. Ni kuma sunan kakarmu aka sa mini, saboda haka shi da mahaifina duk Uwata suke kirana. Tun ina rarrafe ɓangaren Baffa na fi zama. Can nake cin abinci, can nake barci in rana ta yi zafi, a kan buzunsa, cikin ƙanshin katako da ƙaro.

Yana saurayi aka ga hannunsa a zane, aka tura shi ƙasar Italiya ƙaro ilimi. Mutanen gari sun ɗauka zai dawo injiniya. Shi kuwa can sai ya faɗa wani wurin aiki inda ake gyara tsofaffin zane-zanen coci, ƙarƙashin wata tsohuwa da bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwar ɗakina. Ya sha gaya mini yadda abin yake. A cocinsu na dā, a bayan teburin da limaminsu ke tsayawa, akan kafa wani babban allo na katako, wani ya fi tsawon mutum. Falankai ne ake haɗawa, a shafe su da farin alli da gam, a lulluɓe bayan da zinare mai sirantar fatar albasa. A tsakiya a zana waliyyansu a tsaye. A ƙasa kuma a jera ƙananan zane masu nuna yadda aka kashe kowannensu a kan addininsa. Ɗaruruwan shekaru allunan suna tsaye, hayaƙin kyandir ya baƙanta su, ƙwari sun huda katakon. Aikin su Baffa shi ne su tsayar da ɓarnar, su goge baƙin da auduga a kan tsinke, wuri kamar faɗin farce a wuni guda.

"Ba su san fentin gwangwani ba, Uwata," in ji shi. "Ƙasa mai launi da duwatsu suke niƙawa, su kwaɓa da gwaiduwar ƙwai. In ya bushe, sai dai katakon ya mutu ya bar shi."

Da ya dawo gida bai bar wannan ba. Nan rigimarsu da Inna take, rigimar da ba ta taɓa ƙarewa ba. Tana tara ƙwan zabinta don ranar kasuwa, shi kuma yana bi yana zare biyu-biyu. Sai ka ji ta daga madafi.

"Malam, ƙwaina sun ragu."

"Gwaiduwar kawai na ara. Ga farin nan a kofi, ki soya."

"Wa ya taɓa soya farin ƙwai ba gwaiduwa?"

"Turawa suna yi."

"To ka koma can su soya maka."

Sai ya yi dariyarsa marar sauti, kafaɗu kawai ke motsi.

Yana da wasu ɗabi'u da duk gari aka san shi da su. In ya shiga gidan mutum, kafin ya gama sallama ya ƙwanƙwasa ƙyaure da bayan yatsa ya kara kunne. In ya ji sautin bai yi masa ba sai ya ce, "Maigida, kana da baƙi a cikin ƙofar nan," yana nufin gara. A aljihun rigarsa kullum akwai wani ɗan dutse mai santsi, lanƙwasasshe kamar haƙorin kare, wanda ake goge zinare da shi ya yi ƙyalli. Uwar ɗakinsa ta ba shi ranar da zai taho. In yana tunani sai ya riƙa murza shi da babban yatsa. Kuma shi ke yi wa ɗaliban mahaifina zayyanar allon sauka, domin mahaifina malamin Alƙur'ani ne, makarantarsa tana soron gidanmu. Alluna daga Kiru, daga Tudun Wada, har daga cikin Kano ana kawo wa Baffa.

Abu ɗaya ya taho da shi daga Italiya ban da dutsen da ɗan zinare, wato hoton ɓangaren allon da ya fi daɗewa a kansa. Hoto ne mai launi, a kan takarda mai kauri, yana ajiye a akwatinsa tsakanin manyan riguna. Ba ɓoye shi yake yi ba, ba kuma rataye shi yake yi ba. Ina 'yar firamare na fara ganinsa, ranar da Inna ta fito da kayan akwatin shanya.

Zane uku ne a jere. A dama wani saurayi ɗaure a jikin gungume, kibau sun soke shi ko'ina. A hagu wani mutum kwance a kan gadon ƙarfe, ana hura wuta a ƙarƙashinsa. A tsakiya wata budurwa cikin shuɗin tufafi ta durƙusa, hauni ya ɗaga takobi a kanta, wani sarki yana zaune a kujera yana nuni da yatsa. Bayansu duk zinare. Na ji tsoro, amma na kasa ɗauke ido.

"Baffa, me ta yi?"

"Cewa aka yi ta bar addininta, ta ƙi."

"To me ya sa ba ta kuka?"

Ya daɗe yana kallon hoton kafin ya amsa. "Na yi wa Uwar ɗakina wannan tambayar. Ta ce ita ma ba ta sani ba. Ni dai ina jin mai zanen ne bai so ya ba sarkin nan abin da yake nema ba."

Sai ya nuna mini kusurwar ƙasa. Ya ce da suka fara aiki wurin baƙi ne ƙirin, kowa ya ɗauka bango ne. Yana gogewa a hankali sai ga yatsu, sai ga hannu, sai ga wata mata riƙe da tulu tana tsaye cikin 'yan kallo. Ya ce ranar bai iya cin abinci ba don murna. Matar nan ta yi shekaru masu yawa cikin duhu, shi ne mutum na farko da ya sake ganin fuskarta.

"Kowa waliyyan yake kallo," in ji shi. "Ni wannan ce tawa. Ruwa ta je ɗebowa, ta tarar ana kashe mutum a hanya."

Daga ranar na riƙa naci sai ya fito mini da hoton. Wata rana da yamma muna zaune a ƙofar ɗakinsa, hoton a cinyata, na sake tambayarsa ko da gaske mutum zai yarda a kashe shi don ya ƙi faɗin kalma ɗaya. Ya ce in tuna abin da aka koya mana a Islamiyya, labarin baiwar Allahn nan ta farkon Musulunci da aka soke da mashi a Makka saboda ta ƙi komawa bautar gumaka. Ashe mahaifina yana tsaye a bayanmu, ya zo karɓar wani allo.

Mahaifina shi ne autan ɗakinsu, Baffa ne ya goya shi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a gaban wansa ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Yaya, shahidan Musulunci kake haɗawa da hotunan coci a gaban yarinya?"

"Ban haɗa su ba, Auta. Tambaya ta yi, na ba ta misalin da za ta gane."

"Ka san hukuncin hoton mai rai. Ka san abin da aka ce a kan gidan da ake ajiye shi. Wannan kuma ba hoto kawai ba ne, abin da ake rusunawa a gabansa ne. Na daɗe ina kawar da kai saboda girmanka. Ka ƙona shi, Yaya."

"Ban taɓa rusuna masa ba. Aikin hannuna ne a ciki."

"To 'yata ba za ta ƙara ganinsa ba."

Ya kama hannuna muka tafi. Na waiwaya na ga Baffa ya sunkuya yana ɗaukar hoton daga ƙasa, yana kaɗe masa ƙura da gefen rigarsa.

Ba a yi wata ba mahaifina ya sa aka ja katanga a tsakar gida, aka fasa wa ɓangaren Baffa ƙofa ta waje. Allunan sauka ya riƙa aikawa Kano a yi musu zayyana. Wannan ya fi katangar yi wa Baffa ciwo, Inna ce ta gaya mini daga baya. Ta ce in lokacin sauka ya zo sai ya jiƙa ƙaro, ya niƙa launi, ya zauna yana jiran allon da ba zai zo ba. Gaisuwa ba ta yanke ba. Kullum da safe mahaifina yana zagayawa ya durƙusa ya gaida wansa a ƙofar gida, Baffa ya amsa, shi ke nan. Ni kuma aka hana ni shiga. Nakan tsaya jikin katanga in ji ƙarar dutsen niƙansa. Wani lokaci sai in ga hannun Inna ya ɗago ta sama da dafaffen ƙwai a ganye.

Ba zan ce mahaifina mugunta ya yi ba. Tsoron Allah ne ya sa shi, da tsoron abin da zai tarar a kaina gobe. Baffa ma ya san haka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun daga wannan rana Baffa bai ƙara zana fuskar mai rai ba, ko a aji. Tulu, ganye, gini, ƙulle-ƙullen zayyana, su ya riƙe har ya ajiye aiki. Ya karɓi rabin maganar ƙanensa bai gaya masa ba. Hoton ne dai ya ƙi ƙonawa.

Shekarar da zan yi sauka, mahaifina ya aika allona Kano tare da na sauran. Ana jibi biki sai ga Inna ta shigo ɓangarenmu da wani abu naɗe a zane, ta ajiye gaban kakarmu, wadda a lokacin tana da rai. Allo ne. Baffa ya sa an sassaƙa shi tun bara, ya shafe shi da farin alli ya goge har ya yi santsi kamar tangaran. Zayyanar ja ce da kore da shuɗi, gefen kuma zinare ne na gaske, ragowar wanda ya taho da shi, wanda ya yi shekaru yana tattali. Babu komai mai rai a jiki. Tsakiyar ya bar ta fari, inda malami zai rubuta ayoyin.

Kaka ta sa aka kira mahaifina. Ya ɗauki allon ya fita da shi haske, ya juya gaba ya juya baya, ya bi kowane layi da ido. Mu duka muna jira.

"Iya, na riga na aika nata Kano."

"Na sani. Wannan yayanka ne ya yi wa mai sunana."

Ya sake duban allon. Can ya ce a miƙo masa tawada da alƙalami. Da hannunsa ya rubuta ayoyin a tsakiyar aikin wansa, da shi na yi sauka. Ranar biki Baffa yana cikin taro, can baya, hannunsa a aljihu. Da na gama karatu na ɗago na neme shi, sai na ga ya juya yana gyara hularsa. Ba su yi maganar ba, ranar ko bayanta. Amma da damina ta zo ruwa ya zubar da wani gefe na katangar, babu wanda ya kira magini. Ta nan na koma shiga wajen Baffa, mahaifina yana gani bai hana ba.

Na riga na yi aure lokacin da dattawan nan na hanyar Doguwa suka fara zuwa wajensa. A ɗan cocinsu akwai hoton irin wannan allo, na takarda, manne a kan katako, wanda wani limamin coci Bature ya bar musu tun iyayensu suna yara. Rufi ya yi yoyo, gara ta shiga, rabin hoton ya lalace. Suka ji labarin akwai wani malami a Bebeji da ya koyi gyaran irinsa. Sun zo da ɗari-ɗari, Baffa ya ce su je zai zo.

Na raka shi sau ɗaya, ranar Asabar, a motar haya har Tudun Wada, daga nan muka hau babura muka bi ta cikin gonakin masara, duwatsu suna ƙara matsowa. An fito masa da allon ƙarƙashin mangwaro, nan yake aiki. Ya kashe garar, ya cike ramukan, ya manne abin da ya ɗaɗɗago. Wajen da fuskar wani waliyyi ta cinye gaba ɗaya sai ya shafe shi da launi mai kama da na kewaye, ya bar shi haka. Babban dattijon ya matso.

"Malam, ba za ka mayar masa da fuska ba?"

"Ban san fuskarsa ba, Baba. In na zana, tawa ce na ƙirƙira, ba tasa ba. Inda na koyi aiki an hana mu. Ni kuma yanzu ko ba a hana ba, na daina."

Dattijon ya jinjina kai ya ce, "Mu da muka san shi tun muna yara za mu riƙa tunawa." Da azahar ta yi, matar dattijon ta kawo ruwa a buta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwa, ta kore yara. Muka yi salla, muka ci tuwon masara da miyar kuɓewa. A hanyar dawowa Baffa yana ta waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa a bayan babur. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na ranar ba. Labari ya kai kunnen mahaifina, mutane suka yi ta kawo masa magana. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya ya san abin da yake yi."

A shekarunsa na ƙarshe idon Baffa ya tafi. An kai shi asibiti a Kano, aka ce an makara. Mutumin da ya rayu da ido, sai ga shi zaune a ƙofar ɗaki yana bin muryoyi da fuska. Bai yi ƙorafi ba, sai dai ya rage magana. Mahaifina ya riƙa zuwa kullum bayan la'asar yana yi masa karatu.

Wata Juma'a na zo gida na same su haka. Da aka shafa addu'a Baffa ya juyo wajen da ya ji muryata.

"Uwata, ɗauko mini hoton nan. Matar nan mai tulu ta ɓace mini. Tun jiya nake nemanta a kaina, na kasa tuna ko tana kallo ne ko ta kawar da kai."

Na ɗauko, amma na tsaya a bakin ƙofa, ina duban mahaifina. Rabonsa da hoton tun ranar da ya ja hannuna. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo." Ya sa tabarau, ya karkata takardar wajen haske.

"Ina take, Yaya?"

"Zanen tsakiya, can ƙasa, hannun hagu."

"Na gan ta. Ta kawar da kai. Amma idonta yana wajen."

"Tulun a ka yake?"

"A kugu. Ta rungume shi da hannu ɗaya."

"A kugu," in ji Baffa, yana murmushi. "Haka ne, a kugu. Mayafinta fa?"

"Ja ne."

"Ba ja ba ne, Auta. Duba sosai."

Mahaifina ya ƙara matso da takardar. "Kamar ƙasar bakin rafi."

"Yauwa. Yarinyar fa?"

Mahaifina ya mayar da ido tsakiyar zanen. "Ta durƙusa. Ta haɗa hannuwa. Yarinya ce ƙarama, Yaya, ba ta kai Uwata lokacin aurenta ba." Ya yi gyaran murya. "Ko ta ji tsoro, ba ta nuna musu ba."

Ya miƙo mini hoton a kife, ya cire tabarau. "Har yanzu ban yarda a ajiye shi a ɗaki ba."

"Na sani," in ji Baffa. Kafaɗunsa suka fara motsi, mahaifina ma ya kasa riƙe tasa dariyar. Nan Baffa ya ce in ya rasu a ba mutanen ƙauyen nan hoton, su za su san inda za su sa shi. Mahaifina ya ce ya ji, kuma ya cika.

Bayan an watse zaman makoki, ranar da zan koma ɗakina, na sami mahaifina zaune a ƙofar ɗakin Baffa, shi kaɗai, lokacin da rana ta kusa tsakiya. Na durƙusa zan yi masa sallama sai ya ce in zauna.

"Uwata, ke ya fi ba labari. Can ƙasar, yaya ya yi da salla da azumi? Ban taɓa tambayarsa ba. Tsoron amsar nake yi."

Sai na gaya masa abin da Baffa ya gaya mini. A wurin aikinsu, baƙin hayaƙin da ya fi laushi da yawu ake goge shi, a jiƙa audugar a baki a shafa, domin ya fi ruwa sauƙi a kan tsohon launi. Azumin farko ya same shi a lokacin zafinsu, ranar tana da tsawo, bakinsa ya bushe ƙamas, aikinsa ya tsaya. Uwar ɗakinsa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya. Ya yi mata bayani da ɗan yarensu da ya iya. Washegari ta mayar da shi wajen gyaran katako har watan ya ƙare, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Salla kuwa a tsakar gidan yake yi, don ɗakin aikin cike yake da fuskoki ta kowace kusurwa. Da sanyi ya shigo, ta leƙo ta taga ta gan shi yana sujada a kan jiƙaƙƙen dutse. Daga ranar, in azahar ta kusa, sai ta tashi ta share masa kusurwa ɗaya, ta juya allunan da ke wajen su fuskanci bango. In ya idar ta mayar da su.

"Da kanta take juyawa?"

"Da kanta, Baba. Ya ce wasu ma sun fi ƙarfinta, sai ta ja su a ƙasa. Haka ta yi har ya taho."

"Waliyyanta ne fa."

"Nata ne."

Ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. "Tana da rai?"

"Ta daɗe da rasuwa."

"Da na tambaye shi, da ya gaya mini," in ji shi a hankali. "Da bakinsa."

Sai aka kira azahar. Tun da idon Baffa ya tafi, mahaifina ne ke jansa zuwa masallaci, Baffa ya dafa kafaɗarsa ta dama su tafi a hankali. Mahaifina ya dogara sanda ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ɗan rusunar da kafaɗar dama ya tsaya yana jira. Na ga lokacin da ya tuna. Bai waiwayo ba. Ya ɗan jima a tsaye a haka, sannan ya fita shi kaɗai.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a gidan da ya fi wannan kyau. Ya ba Inna da mahaifina haƙurin rashinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.